Me Ya Kai Su Fagen Daga? Waiwaye Kan Yaƙin Basasar Najeriya



A farkon shekarar 1967 duk sojojin Najeriya ba su wuce wajen dubu goma ba. Lokacin da aka ajiye makamai a watan Janairun 1970, ɓangaren gwamnatin tarayya kaɗai yana da kusan mutum 250,000 a cikin kaki, ban da dubban da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara. Waɗannan mutane ba daga sama suka faɗo ba. Manoma ne, da 'yan dako, da 'yan kamasho, da malaman makaranta, da ɗalibai, mutanen da shekara biyu kafin nan ko kaza wasunsu ba su iya yankawa. Cikin wata talatin suka koyi harbin mutumin da ba su taɓa gani ba, wasu kuma suka harbi wanda suka sani. Mu da muke zaune a garuruwan Kudu muna cin kasuwa ɗaya da jikokin waɗancan mutane, ya kamata mu san abin da ya shiga zukatansu har hakan ta yiwu.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wai tsohuwar gaba ce tsakanin ƙabilu. To, an yi rikici a Jos a 1945, an yi a Kano a 1953, wannan ba a musunsa. Amma a duba su waye a tsakiyar labarin. Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi, kuma yana jin Hausa. Odumegwu Ojukwu shi ma haihuwar Zungeru ne, a Kano yake riƙe da bataliya ta biyar lokacin juyin mulkin farko, kuma da ya zama gwamnan Gabas, abokinsa Sarkin Kano Ado Bayero aka naɗa uban jami'ar Nsukka. Manjo Nzeogwu da ya jagoranci harin gidan Sardauna, sunansa ma Kaduna, can ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. A shekarun 1950 kuwa mutanen Enugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Mutanen da suka yi wannan zaɓe su ne, bayan shekara goma da 'yan kai, suka yi imani cewa duk ɗan Arewa so yake ya ga bayansu. Ke nan wani abu ya faru a tsakani, kuma ya faru da sauri.

Daren 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Akintola da ministan kuɗi Okotie-Eboh. A cikin soja aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam, wato kusan duk manyan hafsoshin da Arewa take da su. An kashe manyan hafsoshi Yarbawa biyu, da Ibo ɗaya, Unegbe. Yawancin waɗanda suka shirya abin 'yan ƙabilar Ibo ne, wanda mulki ya faɗa hannunsa, Janar Ironsi, shi ma Ibo ne. Abin lura shi ne Arewa ba ta tashi washegari ba. Wata huɗu aka yi shiru. A cikin wata huɗun nan ne ciwon ya ruɓa.

Ironsi ya tsare masu juyin mulkin amma bai gurfanar da su ba. A kasuwannin Arewa aka riƙa ganin hotunan Nzeogwu da na Sardauna da wasu ke nunawa cikin izgili, har wata waƙar Rex Lawson mai kukan akuya aka ɗauke ta a matsayin habaici ga mamacin. Ko mutum nawa ne suka yi wannan izgili, ba shi ne abin da ya yi aiki ba. Labarinsa ya fi shi yawo. Mutum yana iya haƙura da rashi, ya ce ƙaddara ce, amma a yi masa dariya a kan kabarin ubansa, wannan ba ya shiga babin ƙaddara a zuciyarsa. Masu nazarin halayyar ɗan Adam a yaƙi sun daɗe da lura cewa wulaƙancin da jama'a ta ji an yi mata a matsayinta na jama'a ya fi talauci saurin tara mayaƙa. Sai kuma ga doka mai lamba 34 ta ranar 24 ga Mayu, wadda ta rushe jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ɗan makarantar da ke Zariya da ƙaramin ma'aikacin da ke Kaduna suka ga cewa gurbin da suke jira zai tafi ga wanda ya riga su boko da shekara hamsin. Wulaƙanci ya haɗu da tsoron gobe. Ƙarshen watan aka fita da kalmar "a raba", aka kashe ɗaruruwan mutanen Gabas a garuruwan Arewa.

A barikokin soja kuwa wani tsoron ne daban. Jita-jita ta cika cewa ana shirin juyin mulki na biyu don a ƙarasa sauran hafsoshin Arewa. Kowane ɓangare yana kwana da shirin ɗayan zai far masa. Idan mutum biyu masu bindiga suka kai wannan matsayi, ba sai ɗayansu yana da mugun nufi ba, lissafin "in ban riga shi ba zai riga ni" ya isa. Daren 28 wayewar 29 ga Yuli aka fara harbi a barikin Abeokuta, ya bazu zuwa Ibadan da Ikeja da Kaduna. Aka kashe Ironsi tare da mai masaukinsa, gwamnan Yamma Adekunle Fajuyi, aka kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas masu yawa. Yakubu Gowon ya karɓi mulki ranar 1 ga Agusta.

Abin da ya biyo baya a watan Satumba da Oktoba ba mu da hanyar faɗarsa da taushi, kuma bai kamata mu nemi hanyar ba. Gidan rediyon Kwatano ya ba da labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, rediyon Kaduna ya maimaita. Aka tashi a Jos da Makurɗi da Zariya da Kano da sauran garuruwa. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta biyar suka yi bore a Kano, suka harbe wasu shugabanninsu 'yan Arewa da suka tsaya musu a gaba, suka nufi filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Ƙiyasin waɗanda aka kashe a wannan shekara ya kama daga dubu takwas zuwa dubu talatin, gwargwadon wanda ya yi lissafin. Sama da mutum miliyan ɗaya suka gudu Gabas. A can ma an kashe 'yan Arewa mazauna Fatakwal da Enugu da wasu garuruwa, sauran aka ce su bar yankin. Iyayen wasu daga cikinmu suna cikin waɗanda suka baro shaguna da garken shanu suka hau mota da rigar jikinsu.

Jiragen ƙasan da suka isa Enugu ɗauke da masu rauni sun yi wa Ojukwu aikin da jawabi dubu ba zai yi ba. Kusan babu ƙauyen Ibo da bai karɓi wani nasa da ya dawo da tabo ko da labarin wanda bai dawo ba. Mai gudun hijira wasiƙa ce mai tafiya da ƙafarta, kuma abin da ya gani kaɗai yake faɗa. Ba ya ba da labarin unguwar da ba a taɓa kowa ba, domin ba can yake ba. Mun sake ganin wannan a zamaninmu. A watan Yulin 1999 da aka yi rikicin Shagamu, wanda ya samo asali daga dokar fita ta bikin Oro, motocin da suka kai gawawwaki da masu gudu Kano su suka kai wutar, cikin 'yan kwanaki aka far wa Yarbawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

An je Aburi a Ghana ranar 4 da 5 ga Janairu 1967, aka dawo kowa da fassararsa. Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu ranar 27 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli a wajen Gakem, kusa da Ogoja.

Tambayar da ta fi wuya ita ce me ya sa Biyafara ta ci gaba da yaƙi. Enugu, babban birninta, ta faɗi tun Oktoban 1967. Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968, hanyar teku ta toshe, sai filin jirgin Uli, wanda titin mota ne aka faɗaɗa, jirage na sauka cikin duhu. Yara suna mutuwa da ciwon yunwa dubu-dubu. Duk mai lissafi ya san an gama. Amma aka ƙara fiye da shekara ɗaya da rabi. Dalili shi ne talakan Biyafara ya gaskata cewa ajiye makami daidai yake da miƙa wuya ga wuƙa. Rediyon Biyafara, da muryar Okokon Ndem, kullum wannan yake nanatawa, wani kamfani a Janeba mai suna Markpress kuma yana kai saƙon Turai. Farfaganda ce, amma farfagandar da take da abin nunawa. Ranar 7 ga Oktoba 1967 a Asaba, mutanen gari sun fito cikin fararen kaya don nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, sojojin runduna ta biyu suka ware maza suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Asaba tana bakin Kwara, Onitsha tana tsallake. Wanda ya tsira ya haye ya ba da labari. A ganinmu waɗanda suka yi harbin Asaba sun tsawaita yaƙin fiye da duk wani makamin da Faransa ta aika wa Ojukwu. Ko da tawagar masu sa ido daga Birtaniya da Kanada da Suwidin da Folan suka zo a 1968 suka ce ba su ga shirin ƙare dangi ba, mutumin da ke cikin daji a Umuahia ba rahotonsu yake karantawa ba.

Tsoro irin wannan yana cin na gida ma. Duk garin da ya faɗi, sai a ce maciya amana ne suka sayar. A Satumban 1967 aka harbe Victor Banjo da Emmanuel Ifeajuna da wasu mutum biyu a Enugu bisa zargin cin amana. Ƙananan ƙabilun bakin teku suka sha zargi da kisa. Wani abin mamaki ga kunnen Bahaushe: kalmar da 'yan Biyafara suka gutsuro daga Turanci suna kiran maci amana da ita, ita ce "sabo". Ba ta da alaƙa da Sabon da muke zaune a ciki, amma a lokacin idan aka nuna mutum aka faɗe ta, sai wani ikon Allah. Inda ake farautar maci amana, babu mai iya buɗe baki ya ce a yi sulhu, ko da rabin jama'a suna so a zuci.

A ɓangaren tarayya dalilan sun fi rarrabuwa. A Gabas duk wanda ya zo da kaki "Hausa" ne, alhali Gowon ɗan ƙabilar Angas ne kuma Kirista, kuma kaso mai yawa na sojan ƙasa Tibi ne da Idoma da Bachama da mutanen Filato da na kudancin Zariya. Su waɗannan, sababbin jihohi sun ba su abin da suka daɗe suna nema, wato fita daga ƙarƙashin manyan ƙabilu, kuma Najeriya ɗaya ce kaɗai za ta tabbatar musu da shi. Haka mutanen Ribas da Kalaba. Isaac Boro, wanda a 1966 shi da kansa ya ɗauki makami don ɓalle yankin Neja Delta, a ɓangaren tarayya ya yi yaƙi har aka kashe shi a 1968. Yarbawa kuwa da farko ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje suke, har Awolowo ya ce idan aka bar Gabas ta fita Yamma ma za ta bi. Sai sojojin Biyafara suka tsallaka Kwara ranar 9 ga Agusta 1967, suka kama Benin, suka iso Ore a kan hanyar Legas. Daga ranar yaƙin ya zama nasu. Akwai kuma wanda albashi ya kai shi, da wanda ya ga abokinsa ya dawo hutu da takalmi da agogo 'yan mata suna kallo, da wanda waƙa ta motsa. Ɗan Maraya Jos yana cikin mawaƙan da suka yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, kuma duk wanda ya san abin da kirari ke yi wa ɗan dambe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai abin da ke kai mutum ofishin ɗaukar soja daban, abin da ke tsayar da shi a rami harsashi na wucewa daban. Bayan yaƙin duniya na biyu wasu masana biyu na Amurka, Shils da Janowitz, sun yi nazarin fursunonin yaƙi na Jamus don su gane me ya sa suka ci gaba da faɗa bayan ta tabbata an ci su. Abin da suka buga a 1948 shi ne yawancinsu ba aƙidar Hitila ce ta riƙe su ba. 'Yan tsirarun mutanen da suke ci tare, suke kwana tare, su ne suka riƙe su, kuma da zarar wannan ƙaramin rukuni ya watse sai sojan ya miƙa wuya. Ibn Khaldun ya riga su da shekara ɗari biyar da wani abu, shi ya kira abin asabiyya. Mu kuma muna da kalmar da ta fi kusa: kunya. Sojan da ya shiga kwalekwale a Asaba a watan Oktoban 1967, lokacin da Murtala Muhammad ya dage sai an haye Kwara an kama Onitsha, ya ga abin da ya sami waɗanda suka riga shi. An yi yunƙurin har sau uku, duk an yi asarar rayuka mai yawa. Da wuya a ce taken haɗin kan ƙasa yake tunawa a tsakiyar ruwa. Na kusa da shi ya shiga, shi kuma ba zai zama wanda za a ce ya noƙe ba.

Wannan kunyar da ke sa mutum ya koma ya ɗauko abokinsa mai rauni, ita ce dai ke sa shi yin abin da ba zai iya faɗa wa 'ya'yansa ba. Masanin tarihi Christopher Browning ya bi diddigin wata bataliyar 'yan sandan Jamus mai lamba 101, magidanta ne daga Hambog, ba samari masu zafin aƙida ba. Ranar 13 ga Yuli 1942 aka kai su wani ƙauye a Folan don su harbe Yahudawa. Kwamandansu ya ce wanda ba zai iya ba ya fito. Cikin mutum wajen ɗari biyar, kamar goma sha biyu suka fito. Ba a kashe wanda ya ƙi ba. Sauran sun tsaya ne, a bisa abin da da yawansu suka faɗa daga baya, don kada a ga sun bar wa 'yan uwansu ƙazamin aiki, kada a ce ragwaye ne. Wajen mutum 1,500 aka kashe a ranar. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gungun matasa ke taruwa a bakin kasuwa, kowa na kallon na kusa da shi ya ga ko zai ɗauki dutse, ya san ba sai an je Turai ba.

Suna ma yana da nasa aikin. Rediyon Biyafara maɓarnata yake kiran sojan tarayya, rediyon Legas da na Kaduna 'yan tawaye suke cewa. A bakin talaka kuwa akwai Inyamuri, akwai Gambari, akwai sauransu. Sunan da aka yi wa jama'a a dunƙule yana shafe fuskar mutum ɗaya, tela ko mai gyaran rediyon da aka sani shekara goma, ya mai da shi wakilin abin da wasu suka aikata a wani gari. Gowon ya fahimci wannan. Ya hana a kira su abokan gaba a hukumance, ya fitar da ƙa'idojin yaƙi a rubuce ga sojoji, har an harbe wasu sojojin tarayya a bainar jama'a saboda kashe fararen hula. Takardar ba ta hana Asaba ba, amma ta bar wata ƙofa a buɗe.

Ba kowa ruwan ya tafi da shi ba. A 1966 akwai masu unguwanni da maƙwabta da sarakuna da suka ɓoye mutanen Gabas a gidajensu har suka fitar da su. Wole Soyinka ya tafi Enugu neman hanyar sulhu, ya dawo ya yi wajen shekara biyu a kurkuku. Ana tsakiyar yaƙi matan Ibo suna ratsa daji su tsallaka layin daga su sayo gishiri da kifi a yankin da ke hannun tarayya, cinikin da ba zai yiwu ba sai da wani a ɗaya ɓangaren ya kau da kai, ko ya sayar. Gawar Nzeogwu ma, da aka kashe shi kusa da Nsukka a Yulin 1967, sojojin tarayya ne suka ɗauko ta aka binne a Kaduna da girmamawar soja.

Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddebuwa, Philip Effiong ya yi jawabin ajiye makamai ranar 12 ga Janairu 1970, aka sa hannu a barikin Dodan ranar 15, shekara huɗu cif da daren farko. Mutane suka fito daga daji suna jiran yankan da aka yi shekara uku ana faɗa musu. Bai zo ba. An yi fashi, an ci zarafin mata, wannan yana cikin tarihi, amma kisan ƙare dangi bai faru ba, kuma babu wata ƙungiya da ta koma daji ta ci gaba da sari-ka-noƙe kamar yadda masana da yawa suka yi hasashe. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Waɗanda suka mutu, yawancinsu da yunwa, ana ƙiyasta su daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu. Wanda ya yi hulɗa da asusunsa da kuɗin Biyafara fam ashirin aka ba shi komai yawan abin da ya ajiye, kuma ɗacin wannan yana nan a bakin jikokinsu. A garuruwan Arewa da dama waɗanda suka dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu, abin da bai samu ba a Fatakwal. Fataken shanu da na goro suka koma hanyar Onitsha da Aba. A 1979 Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shehu Shagari, a 1982 Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida, ya shiga jam'iyyar NPN, ya tsaya takarar sanata a shekarar da ta biyo, ya faɗi.